Jinkirin Haske

"To idan kin auna, sai ya zama me?" in ji Yaya, ba ta ko ɗaga kai daga keken ɗinkinta ba. "Shekara uku ke nan kina shiga rami da safe, ki fito da yamma kina ƙifta ido kamar wadda aka tono. Har yau ban ga abin da kika auno kika kawo gida ba, ko da mudu guda."

"Ba a mudu ake auna shi ba, Yaya."

"A cokali ne?"

Auta ta yi dariya, ta ajiye kofin shayinta a kan taga, ta sake yi wa yayarta bayanin da ta yi mata ya fi sau goma. Ta ce akwai wasu ƙwayoyin sinadari ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, da take narkarwa a ruwa. A zaune ƙalau kowace tana fuskantar inda ta ga dama, kamar fasinjoji a tasha. Amma da zarar an sakar musu lantarki mai ƙarfi, ko an sa su a bakin babban maganaɗisu, sai su ɗan juya su dubi gefe guda, kamar an kira motar da suke jira. Idan aka ratsa haske ta cikin ruwan a wannan lokacin, sai ya rabu biyu, rabi ya riga rabi fita. Wannan ɗan jinkirin take aunawa, kuma daga shi ake gane siffar ƙwayar, ko miƙaƙƙiya ce ko a lanƙwashe take.

Yaya ta ɗauki wani ƙyalle ta ja shi ta tsaye, ya yage salin-alin. Ta ja ta kwance, ya yi gardama. Ta ce ai yadi ma haka yake, kuma ita ba ta shiga jami'a ba ta sani. Sannan ta dubi ƙanwar tata daga sama har ƙasa, ta ga mayafin da aka goge har ya yi kaifi, ta taɓe baki.

"Au, yau Talata ce ashe. Ni dai ban taɓa jin inda ake yi wa waya kwalliya ba. Shi dogon naki ta kunne yake gani?"

Auta ta ɗauki jakarta ta fita.

Dogo abokin karatunta ne. Shekara biyu suka yi a ɗakin gwaji ɗaya, su biyu rak, kafin ya sami aiki a wata cibiyar bincike a wani gari mai nisa. Wata takwas ke nan da tafiyarsa. Abin da ya rage a tsakaninsu shi ne maƙalar da suke rubutawa tare, da kiran da yake yi mata duk Talata da ƙarfe huɗu don su duba ta. Bai taɓa kira ranar Laraba ba. Bai taɓa kira don ya ji ko ta tashi lafiya ba. Amma sau ɗaya, a ƙarshen wani kira, ya yi ƙasa da murya ya ce idan maƙalar ta fito zai zo da kansa, domin akwai maganar da yake so su yi wadda ba ta waya ba ce. Auta ta ɗauki wannan jimla ta adana, tana fito da ita ta duba a motar haya, a layin famfo, a tsakiyar hirar mutane. Jibi Alhamis Farfesa, mai kula da binciken nasu, zai tura maƙalar ga mujalla.

Ɗakin gwajin yana ƙarƙashin ginin sashensu a jami'a, bayan matakala ashirin da biyu. Ba shi da taga, an shafe bangonsa da baƙin fenti, sanyinsa kuma na rijiya ne. A bakin ƙofa akwai faranti na roba, inda duk mai shiga zai ajiye abin da yake da ƙarfe a jikinsa. Auta ta cire agogo, ta cire allurar mayafinta, ta ajiye makullan gida. A wannan doka ba ta da sassauci. Ta taɓa mayar da Farfesa kansa ya koma ya cire ɗamararsa, ya shigo riƙe da wando yana mita, Dogo kuwa ya ɓuya bayan maganaɗisu yana dariya har da hawaye.

Kujeru biyu ne a ɗakin. Ta gaban mita, na'urar da allurarta ke nuna awo, tata ce, ta gaban makunni ta Dogo. A da, idan sun kashe fitila, ba abin da ake gani sai siririn jan haske da ya ratsa tebur kamar zare, da ƙyallin allurar mita. Shi zai ƙara wa maganaɗisu ƙarfi ya faɗi lamba, ita ta karanta inda allura ta tsaya ta faɗi tata. Tsakanin lamba da lamba kuma sai hira ta shigo. A duhun nan ta ji labarin rasuwar mahaifiyarsa, a duhun nan ta gaya masa tana tsoron ta tsufa ba wanda ya san abin da ta yi da rayuwarta. Abubuwan da ba za su iya faɗa ba idan suna ganin fuskar juna, duhu ya sauƙaƙa musu. Da an kunna fitila kuwa sai kowa ya koma malami, ana gyaran murya ana neman biro. Yanzu ita ke murɗa makunnin, ta tako taku huɗu ta karanta mita, ta koma. Wani lokaci takan faɗi lambar da ƙarfi kafin ta tuna ba mai rubutawa.

Ruwan da ake aunawa a cikin bututu ake zuba shi, mai tagar gilashi a kowane baki, kowace taga an ɗaure ta da noti huɗu na tagulla, domin maganaɗisu ba ya jan tagulla. Ƙa'idar aikin ita ce a auna tsagwaron ruwa tukuna, sannan a auna wanda aka narka sinadari a ciki, a cire wancan daga wannan. Sai dai wanke bututu da busar da shi yakan cinye rabin yini. Shi ya sa Dogo ya kawo dabarar a ƙera biyu iri ɗaya, ɗaya na tsagwaron ruwa, ɗaya na mai sinadari, kada a taɓa musanya su. Auta ta ɗebo zare daga shagon Yaya, ta ɗaura fari a wuyan na farko, ja a wuyan na biyu. Tagwaye suke ce musu, suna alfahari da su.

Da tagwayen nan suka gano abin da ya sa aka san da su. Awon lantarki ya ba da abin da kowa ya zata, ba yabo ba fallasa. Amma a maganaɗisu, jinkirin hasken ya ninka abin da littattafai suka ce har sau uku. Sun maimaita ya fi sau ɗari. Ranar da Farfesa ya yarda, sai da ya zauna a kan matakala ya cire tabarau yana goge ido.

Aikin da ya rage mata yau ƙarami ne. Farfesa yana son hoton bututun a cikin maƙalar, don haka ta ɗauki mai jan zare ta haura da shi wurin Baba mai gyara, ya goge masa tsatsar yatsu.

Baba shi ne maƙerin sashen. Duk wani ƙarfe da ke ɗakin ƙasa hannunsa ne ya yanka shi, kuma saura masa shekara guda ya ajiye aiki. Ya karɓe ta da tsokanar da ya saba, ya ce ga amaryar maganaɗisu ta fito shan iska, ya tambaya ko angon nata har yanzu yana gurnani idan an kunna shi. Ta ce yana yi, amma ya fi wasu mazan jin magana. Baba ya yi dariya, ya share wuri a kan teburinsa ta ajiye bututun.

Kusa da wurin akwai wata ƙaramar sukurdireba mai maganaɗisu a baki, irin wadda yake ɗaukar ƙananan noti da ita. Tana ajiye bututun sai sukurdirebar ta mirgino da kanta, ta manne a bakinsa da ɗan sauti, ƙyas.

Baba ya daina dariya. Ya cire ta, ya kai ta kan noti na farko, ba ta kama ba. Na biyu ma haka. A na uku ta kama, a na huɗu ta kama. Ya ɗauki wuƙa ya ɗan kankare kan na ukun, sai launin ruwan ɗorawar da ke sama ya tashi, launin toka ya bayyana a ƙasa.

"'Yata," ya ce a hankali, "waɗannan biyun ba nawa ba ne. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka."

Ba ta buƙaci ya ƙara komai ba. Duk wanda ya yi wata guda a ɗakin ƙasa ya san gilashi ma idan aka matse shi yana raba haske biyu, tamkar yadda ruwan ke yi. Idan maganaɗisu ya ja noti, noti zai matse taga. Kuma ja irin wannan yana ƙaruwa da ƙarfin maganaɗisu daidai da yadda abin da suke nema yake ƙaruwa, ta yadda ba mai iya bambanta su a takarda.

Ta kuma san wanda ya sa su, har ranar ta tuna. Shekara biyu da suka wuce tana tsaye a bakin famfo tana wanke mai jan zare, noti takwas a cikin ɗan faranti a gefenta. Dogo ya tsaya a bayanta yana shanya hannu, ya ce, kamar maganar ba ta da nauyi, idan tana karanto lamba a duhu har ba ya so a kunna fitila. Ta juyo da sauri, gwiwar hannunta ta taɓa farantin, noti biyu suka gangara cikin magudana. Kunya ta hana ta faɗa, don kada ya gane abin da ya kayar da su. Da ya fita ta haura nan, ta tarar Baba ba ya nan, ta buɗe gwangwaninsa na tarkace ta zaɓi biyu masu launin tagulla, girmansu daidai. Ta ɗaura su tana murmushi ita kaɗai, tana maimaita maganarsa a ranta.

Duk da haka ta ce wa Baba mai yiwuwa ne jan da maganaɗisu ke yi musu bai kai ya yi wani abu ba. Ya ce mai yiwuwa ne, kuma hanyar sani ɗaya ce.

Ta koma ƙasa ta yi abin da ba su taɓa yi ba a shekara biyu. Ta wanke mai jan zare, ta busar da shi, ta cika shi da tsagwaron ruwa wanda babu ƙwayar komai a cikinsa. Wajen ƙarfe biyu ta kashe fitila ta murɗa makunni. Maganaɗisu ya fara gurnaninsa. Ta tako taku huɗun nan tana addu'ar allura ta tsaya inda take. Allurar ta tashi a natse, ta haura, ta je ta tsaya a wurin da ta saba tsayawa, wurin da Auta ta sani kamar ƙofar gidansu. Ta kwance noti biyun, ta ɗaura na tagulla da Baba ya ba ta, ta sake gwadawa. Allurar ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya. Ta zuba mai sinadari. Allurar ta ƙara ɗan kaɗan a kan na baya, daidai abin da littattafai suka faɗa tun kafin a haife ta.

Ta daɗe zaune ba ta kunna fitila ba. Ba ta yi kuka ba tukuna, abin ya fi ƙarfin kuka. Ta riƙa kallon jan zaren hasken da ya ratsa tebur, tana tunanin duk lambobin da ta karanto da muryar da aka yaba, ashe ba ƙwayoyi take saurare ba, gilashi ne yake nishi a ƙarƙashin hannunta.

Baba ya sauko da kansa, abin da ba ya yi saboda gwiwa. Ya ajiye makullansa a faranti, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko ta gani. Ta ce ta gani. Ya ce shi maƙeri ne, noti yake gyarawa, ba ya karanta mujalla kuma ba ya kai rahoto ofishin kowa. Bututun yanzu lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya duba shi gobe tagulla takwas zai gani. Ya matso ya lalubo noti biyun a kan tebur, ya kamo hannunta a duhu, ya sa mata su a tafi, ya naɗe yatsunta a kansu. Ya ce nata ne, ta yi yadda ta ga dama da su. Ta ji yana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya yana hutawa, har sautin ya ɓace.

Waya ba ta kamawa a ƙasa, don haka duk Talata takan fito bayan ginin, ta zauna a kan wani tsohon benci kusa da tankin ruwa. Ɗalibai suna wucewa biyu-biyu, uku-uku, wasu na raba abin kunne ɗaya suna jin waƙa. Ba wanda ya dube ta. Ƙarfe huɗu da minti biyu wayar ta yi ƙara.

Muryarsa cike take da fara'a. Ya kira ta abokiyar duhu, kamar yadda ya saba. Ya ce ya gyara sakin layi na ƙarshe, ya ce shugaban cibiyarsu ya karanta ya jinjina, har ya sa shi a jerin masu jawabi a taron wata mai zuwa. Ya ce tabbatar da shi a aikin ma a kan wannan maƙalar ya rataya, don har yanzu a matsayin ɗan gwaji yake. Ya yi mata labarin ɗakinsa, wanda ya ce ya yi masa girma, da maƙwabcinsa mai koyon busa da ba ya ci gaba. Auta ta bar shi yana magana. Tana son muryar, tana kuma sane da cewa kowane minti da ta bari ya wuce na sata ne. Noti biyun sun yi ɗumi a hannunta.

Sai da ya tambaya ko ta ɗauki hoton, sannan ta gaya masa. Ta faɗi sukurdirebar Baba, ta faɗi tsagwaron ruwa da inda allura ta tsaya. Ta ce ita ce ta sa su, sun faɗa mata magudana ne wata rana. Ba ta faɗi abin da ya kayar da su ba.

Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa zagi ma, tana ganin ta cancanta. Ta kuma ɗan sa rai, can ƙasan zuciyarta, zai tambaya yaya take, ita da ta wuni da wannan abu ita kaɗai.

"Wa ya sani bayan ke?" ya ce.

Ta ce Baba ne kawai, kuma ba zai yi magana ba.

Ta ji ya sauke numfashi. Daga nan maganarsa ta zo da sauri, mai laushi, irin ta mai lallashin yaro ya sha magani. Ya ce kada ta ɗora wa kanta laifi, kuskure na kowa ne. Ya ce gwaji ɗaya na rana ɗaya ba ya rushe gwaji ɗari. Ya ce a bar maƙalar ta tafi Alhamis yadda aka tsara, bayan taron, bayan an tabbatar da shi, sai su zauna su duba a natse, in ya so su fitar da gyara. Ya ce ko a manyan wurare ana yin haka. Bai yi ƙarya a muryarsa ba, tsoro ne a cikinta, kuma ta tausaya masa. Ta san garin da yake ba shi da kowa, ta san ƙannensa uku shi suke kallo.

Ta ce gwaji ɗarin duk da bututu ɗaya aka yi su. Ya ce ya sani. Ta ce akwai waɗanda za su karanta su ɓata shekarunsu suna neman abin da babu. Ya ce wata biyu kawai yake roƙo.

"Kuma kin san na ce zan zo," ya ƙara da cewa, muryarsa ta yi ƙasa kamar wancan karon. "Maganar nan tana nan. Ki bari mu wuce wannan tukuna, ni da ke."

Wata takwas tana jiran ya sake ambaton ta. Ta sha ƙiyasta yadda zai faɗa, a wane wuri, da wace riga a jikinta. Ba ta taɓa zaton a nan zai ajiye ta ba, a kan sikeli, gefe guda da noti biyu. Wataƙila bai san ya yi hakan ba. Wataƙila maganar gaskiya ce har yanzu, kuma idan ta yi shiru zai zo ɗin, ya zauna a falon Yaya ya sha tsokana, komai ya tafi yadda ta yi mafarki. Sai dai ta ga kanta a shekarun da za su biyo baya, tana zaune kusa da shi a cikin haske, su biyu suna sane da abu ɗaya da ba za su taɓa ambata ba. Kaɗaicin ɗakin ƙasa ta san shi, ta iya zama da shi. Wancan ne ba ta ga yadda za ta iya ba.

Hawayen da suka ƙi zuwa tun rana suka zo yanzu, ta bar su suna sauka ba ta share ba, don kada ya ji a muryarta. Can gefe wani mai shara yana tara ganye, iska tana mayar masa da su. Dogo ya kira sunanta sau biyu, ya tambaya ko tana jin sa.

"Ina jin ka," ta ce. "Ka yafe mini, don ni na jawo mana. Zan rubuta cewa kuskuren nawa ne ni kaɗai, in aika wa shugabanku ma idan kana so. Amma maƙalar nan ba za ta tafi Alhamis ba. Farfesa yana ofis har ƙarfe biyar, yanzu zan hau in gaya masa."